Wutar Tarakta a Gidan Yaya

Ranar da Yaya ya jawo janareton zuwa gida, matarsa ta fito daga ɗakin kaji ta tsaya, hannu a ƙugu. Wani abu ne kamar ganga a kwance bisa tayoyi biyu, fentinsa ya koɗe, a gefensa akwai 'yar mita mai allura guda. Ta zagaya shi, ta leƙa ƙarƙashi, ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Baban Yara, ina injinsa?"

"Ba shi da inji."

"Tankin mai fa?"

"Ba ya shan mai."

"Wato gawa ka sayo mana."

Yaya ya yi murmushin wanda ya riga jama'a gane duniya. Ya ɗauko wata doguwar sandar ƙarfe, ya nuna mata inda ake cusa kanta ɗaya a gindin tarakta, ɗayan kuma a hancin janareton. Tarakta ta juya sanda, sanda ta juya janareto, wuta ta shiga gida. Me zai sa ya sayi sabon inji, alhali ga ƙaton inji yana kwana a rumfa rabin shekara ba ya tsinana komai?

"Rabin injin nan dai na ƙaninka ne," in ji ta, ta koma wajen kajinta.

Gaskiya ta faɗa. Taraktar gado ce, mahaifinsu ya bar musu shi da Auta. Auta ke tuƙa ta, ya yi musu huɗa, ya yi wa maƙwabta. Furfura ta fara leƙo masa amma har yanzu bai ajiye iyali ba, magana kuwa sai an tatso ta daga bakinsa. Yaya ne mai baki da dabara. Kowa Yaya yake ce masa, har Inna da ta haife shi, don tun Auta yana koyon magana sunan ya manne. Matarsa kuma Maman Yara, ko da yake yaran duk sun girma sun tafi birni, 'ya'yan da suka rage mata sai masu fiffike. Tana da injin ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakin da yaran suka bari, kuma wannan injin shi ne hujjar Yaya. Gidansu ne na ƙarshe a kan hanya, bayan wata kwana mai duhun itatuwa, inda wayar lantarki take ƙarewa. Iska ta ɗan yi tari, sai wuta ta tafi. An sha asarar ƙwai a gidan.

Ya kira mai gyaran wuta ya kafa masa wani babban makunni mai hannu a bangon baranda. Hannu a sama, gida yana shan wutar kamfani. Hannu a ƙasa, gida ya rabu da kamfani, sai ta janareto. Mutumin ya ja masa kunne sosai: kada ya kuskura ya tada janareto hannun yana sama, don wutar za ta bi waya ta koma baya, ta sami wani bawan Allah a kan falwaya yana gyara. Yaya ya riƙe wannan magana da kyau, har ya sa fenti ya zana kibiya a bangon.

Daga nan ya zauna jiran a ɗauke wuta. Wuta kuwa ta ƙi tafiya. Wutar da a da ko tsuntsu ya sauka a waya sai ta yi yaji, ta zauna daram wata da watanni. Da iska ta taso, Yaya ya fita bakin ƙofa ya ɗaga kai, ya dawo ya tarar da fanka tana ta juyi abinta. Maman Yara ta mai da janareton wurin shanya tsumma. Wata kaza ta yi sheƙa a ƙarƙashinsa. Kullum da safe in ta kawo masa shayi sai ta ce, "Ka leƙa mamacin kuwa?"

Sai da damina ta faɗi sannan Allah ya duba Yaya. Wani hadari ya taso da la'asar, baƙi ƙirin, da iska mai tumɓuke bishiya. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Da ruwa ya tsagaita, wani maƙwabci ya biyo a babur ya ce falwayoyi suna kwance a bakin hanya reras kamar an shanya rake, kuma masu wuta sun ce a yi haƙuri, aikin ba na kwana ɗaya ba ne.

Maman Yara ta fito daga ɗakin ƙwai jikinta a sanyaye. Injin cike yake taf, kuma saura kiris su fara ƙyanƙyashewa. Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗaure fuska irin ta mai jaje, fuskar ta ƙi ɗauruwa.

"Rufe bakinka," in ji ta. "Haƙoranka duk a waje."

Aka kori kaza, aka kwashe tsumma. Auta ya shigo da tarakta da baya da baya har tsakar gida. Yaya ya so a ajiye ta can nesa saboda hayaƙi, amma wayar janareton gajera ce, dole aka tsaya a tsakiyar fili, aka juya bututun hayaƙin yana kallon gona. Wurin bai da nisa da baranda, inda Inna take zama a kan tabarmarta tun safe har yamma. Kunnuwan Inna sun yi nauyi shekara da shekaru. Mutanen gidan sun saba: a gaishe ta, a miƙa mata abinci da magani, a wuce. In an yi mata magana ta kalli bakin mutum ta ce, "Haka ne." Ko cewa aka yi akuya ta shiga rijiya, haka ne.

Yaya ya sauke hannun makunni. Ya haɗa sanda, ya duba, ya sake dubawa. Ya bayyana wa Auta cewa allurar mitar nan dole ta tsaya a kan kore, kada ta gaza, kada ta wuce. Shi zai tsaya a gabanta yana ba da alama da hannu. Auta ya tada inji. Ƙara ta cika gidan, ƙasa tana rawa a tafin ƙafa, kwanukan rufi suna amsawa. Sanda ta fara juyi, allura ta fara hawa a hankali. Yaya yana ɗaga hannu, Auta yana ƙara wuta. Allura ta shiga kore. Fitilar baranda ta kama, kuma Yaya ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji wanda rabonsa da jin irinsa tun haihuwar ɗansa na fari.

A daidai nan wata zuma da ruwa ya rikita ta zo ta nemi kunnensa. Ya shiga kore ta da hannu, sama, sama, sama. Auta mai biyayya ne. Allura ta tsallake kore ta faɗa ja. Fankar falo ta ɗauki gudu kamar za ta tashi da rufin, fitilar baranda ta yi wani fari ta ce fas, ta ɗakin girki ta bi bayanta.

"Rage!" Yaya ya ƙwala. "Ƙwai suna fashewa!"

Maman Yara ta saki bokitin da ke hannunta ta ruga ɗakin ƙwai tana salati. Jim kaɗan ta fito a hankali, ta zo har gabansa, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Wane ƙwai?"

"Na fitila."

"To ka riƙa cika magana."

Injinta bai sami komai ba, don ba ta ma jona shi ba tukuna. Ta ce sai ta ga abin da gawar za ta yi wa kayan wasu. Can daga baranda Inna ta ce, "Gara da na fitila ne." Ba wanda ya kula, kowa yana ta kansa.

Washegari rigima ta tashi. Ƙasa ta jiƙu, kowa yana jiran huɗa, kuma wanda bai yi a makon nan ba ya makara. Auta ya zo da garma a shirye. Tarakta tana ta ruri, don haka duk maganar da ƙarfi aka yi ta, jijiyar wuya a tsaye.

"Yaya, rabina zai tafi gona."

"Ɗauki rabinka. Ka bar min gindin."

"Gindin ne ke jan garma."

"To ɗauki sitiyarin da kujera, ka je ka fara."

Auta ya tsaya yana kallon yayansa. Maman Yara ce ta raba gardama. Ta ce in aka lulluɓe injin da bargo, ƙwai suna riƙe ɗumi na ɗan lokaci. Tarakta ta je gona ta yi abin da ya samu, ta dawo ta ɗumama ƙwai, ta koma. Da yamma ta kwana a gida a bakin aiki. Ba wanda ya ji daɗin hukuncin, shi ya sa duka suka yarda da shi.

"Haka ubanku ya yi da ƙaninsa a kan keke," in ji Inna. "Har sai da aka ɓoye sarƙar."

Su biyun suka waiwaya. Tana ta gyara zaren da take warwarewa, ba ta ko kalle su ba. Yaya ya ce a ransa dace ne kawai.

Kafin azahar labari ya zagaya cewa akwai wuta a gidan ƙarshe. Mutane suka mai da taraktar kamar motar haya: da sun jiyo ƙararta tana dawowa daga gona, sai su biyo bayanta, wannan da waya, wancan da tocila, wata da dutsen guga da kayan makarantar 'ya'yanta a ka. Aka shimfiɗa buhu a baranda, wayoyi suka jeru a kai kamar kifin da aka kamo. Mai aski ya kawo kujerarsa da kilifarsa ya kafa a gindin bishiya. Yaya ya ɗauko kujera ya zauna a gaban mita, ido a kan allura, yana ba da umarni. Mai guga ta dakata sai firji ya huta. Mai injin niƙa ya koma da abinsa, nan ba kamfani ba ne. Ya zuba toka ya ja layi kewaye da sandar da ke juyawa, ya ce ba mai tsallakewa, musamman mai sakakkiyar riga. Wasu suka ɗauka iyayi ne, har sai da iska ta ɗebo tawul ɗin wani daga igiya ta jefa a kan sandar. Kafin a ƙifta ido ta naɗe shi ta mai da shi zare. Daga nan layin ya sami daraja. Aka fara kiran Yaya Manaja, shi kuma bai hana ba.

Cikin masu zuwa har da malamar asibiti, wadda take riƙe da ƙaramin asibitin ƙauyen. Mace ce kammalalliya, mai saurin tafiya da saurin magana. Ta zo da akwatin alluran rigakafi da ba sa son zafi, ta roƙi wuri a firjin Maman Yara. Safe da yamma take zuwa ta ɗebi na aikinta ta duba saura, kuma tun zuwan farko ta toshe kunnuwanta da auduga, ta ce ita ta san abin da ƙara take yi wa kunne.

Yaya ya lura da wasu abubuwa. Auta ya fara wanke rigar aiki. Ya fara dawowa daga gona tun kafin lokaci, kuma lokacin kullum yana dacewa da zuwan malama.

"Ƙwai ba su huce ba tukuna," Yaya ya ce masa.

"Na ji a jikina sun huce."

Abu na biyu da ya lura da shi Inna ce. Ta jawo tabarmarta zuwa bakin baranda, tsakiyar masu jiran waya. Da yake ba mai iya magana a gidan sai da ihu, hira duk ta koma shela. Inna tana tsoma baki. Ta gyara wa wata mata lissafin dangi, ta ce ba jikar mai rini ba ce, 'yar ƙanwarsa ce. Ta tambayi wani yaushe ya saki matarsa ba a gaya mata ba. Ta yi dariya har da tari. Maman Yara ce ta fara ɗanɗana kuɗarta: tana gaya wa Yaya da ƙarfi cewa dusar kajinta tana raguwa, kuma ta san mai ɗiba tana watsa wa kurciyoyi a bayan ɗaki.

"Kurciyoyin ma bayin Allah ne," in ji Inna daga inda take.

Maman Yara ta ja mijinta bayan rumfa. "Ka iya bakinka," ta ce. "Inna tana ji."

Abin ya kai ƙarshe ranar da mai aski ya ce lallai sai ya yi wa Manaja aski kyauta. Yaya ya ɗan yi fulako, sannan ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, aka juya kujerar yadda zai riƙa hango allura. Kilifa ta fara daga dama. Ta share gefe guda tas, ta kawo tsakiyar kai. A lokacin ne malama ta fito daga ɗakin girki da akwatinta, Auta kuma ya tare ta a gefen tarakta, yana murza hularsa a hannu. Yaya yana ganinsu sarai. Da alama Auta ya yi lissafin cewa a cikin wannan ƙara ba mai jin sa sai wadda ke gabansa. Ya cika ƙirji, ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba tun yana cikin zanen goyo.

"Malama, in ba damuwa, ina so in aure ki."

Malama ta gyaɗa kai, ta buga akwatin da tafin hannu. "Sun yi sanyi sosai," ta ce. "Na gode."

Ta juya za ta tafi. Inna ta miƙa sandarta ta tare mata hanya.

"Cire audugar nan, 'yar nan. Cewa ya yi yana son aurenki."

Mai guga ta tsaya da dutse a sama. Mai aski ya ɗaga kilifa. Malama ta zare audugar kunne ɗaya, ta zare ta ɗayan, ta dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Sake faɗa in ji."

Auta ya juya da sauri. Ya haye tarakta ya kashe ta, ya diro ya cire sanda, ya sake hayewa ya tada, ya fice daga gidan ko garma bai ɗaura ba. Kilifa ta mutu a hannun mai aski. Yaya ya shafa kansa: dama sumul, hagu daji.

"Gobe da safe sai in ƙarasa," in ji mai aski, yana naɗe waya, kafaɗunsa suna rawa.

Gobe ta yi, mai aski bai zo ba. Mai guga ma ba ta zo ba. Da hantsi mutum biyu suka zo suka kwashi wayoyinsu, suka ɗaga wa Yaya hannu daga nesa suka tafi. Tarakta ta dawo daga gona ba kowa a bayanta. Ban da su, malama kaɗai ta zo, ba auduga a kunne, ta daɗe a gefen rumfa ita da Auta, ita tana magana shi yana gyaɗa kai. Washegari ma haka. Maman Yara ba ta san wainar da ake toyawa ba, don ƙwai sun fara fashewa da gaske, tana can ɗaki tana kwashe 'yan tsaki tana jera su ƙarƙashin fitila mai ɗumi. Ta ce wa Yaya ya kawo kan ta ƙarasa masa askin da almakashi. Ya ce kansa ba fiffiken kaza ba ne. Ya kifa hula, ya ƙi leƙa ko bakin hanya; da wannan kai ba inda za shi, kuma wa zai bar wa allura?

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ja kujerarsa kusa da tabarmar Inna, don ita kaɗai ta rage, ya shiga zazzage mata cikinsa da ƙarfi. Mutane ba su da godiya. Jiya Manaja, yau ko sallama. Ko dai wani ya sayo nasa janareton ne?

"Ubanka ma haka ya yi fushi," in ji Inna, "ranar da ya kawo taraktar nan."

"Fushin me?"

Ta ba shi labari. Yadda uban ya shigo da ita gari ya tara jama'a, ya rasa inda birki yake, ya bi ta kan dangar maƙwabci ya tsaya a cikin kabewa. Yadda ya yi sati ba ya fita. Yaya bai taɓa jin wannan ba; shi ya taso ya ga mahaifinsa gwani. Ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya tambaye ta wani abu, ta amsa, ta tambaye shi labarin yaran da ke birni ɗaya bayan ɗaya, wace ce mai ciki, wane ne ya bar aiki, abubuwan da aka sha faɗa a gabanta ba ta samu ba. Suka wuni a haka, suna ƙwala wa juna magana kamar masu faɗa, tarakta tana ruri, allura tana kan kore. Da yamma muryarsa ta dushe, amma fushin ya tafi.

Kashegari da hantsi wani mutum ya shigo, sanye da rigar kamfanin wuta, taɓo har gwiwa. Ya ce motarsu ta kafe a kwanar itatuwa, ko za a taimaka da tarakta a jawo ta.

Yaya ya gyara zama. Ya daɗe yana jiran ɗan kamfani.

"Da na so," ya ce da ƙarfi. "Amma ka ga taraktar tana yin aikinku. Ranar da kuka ga dama kuka gyara, sai ta sami sukunin jan mota."

Mutumin ya dube shi, ya dubi tarakta, ya dubi makunnin da ke bango.

"Ai mun gyara tun shekaranjiya."

"Kun me?"

"Tun shekaranjiya da safe. Duk gari da wuta. Ni da kaina na zo nan, ban same ka ba, aka ce kana wanka. Na gaya wa Baba tsohuwa, da ƙarfi kuwa, ta ce ta ji, za ta faɗa maka."

Yaya ya tashi a hankali. Ya je ya kashe tarakta da hannunsa. Ya cire wayar janareto, ya ɗaga hannun makunni sama. Fankar falo ta ɗauki juyi, firji ya yi ɗan gurnaninsa. Shiru ya sauka a gidan, irin wanda har kunne yake yi wa ƙara. Aka ji kukan 'yan tsaki, aka ji ɗigar ruwa daga indararo.

Maman Yara ta fito da ɗan tsako a hannu. Da ta fahimci zancen, ta dubi jarkokin man da suka koma fanko a jikin bango, ta dubi mijinta, ta ce ba za ta yi magana ba, don in ta fara ba za ta gama yau ba. Yaya ya juya wajen Auta, wanda yake ratsa gari sau da yawa a rana. Auta ya sami wani abu mai muhimmanci a sararin sama yana kallo. Malama, wadda asibitinta yake da wuta da firji tun shekaranjiya, ta ce ita dai ta ga alluran sun saba da wurin.

Yaya ya je gaban tabarma ya durƙusa.

"Inna, mutumin nan ya gaya miki an kawo wuta?"

Ta kalli bakinsa. "Haka ne," ta ce.

Ya gane da muryarsa ta kullum ya yi maganar. Ya ja numfashi ya sake tambaya da irin muryar kwanakin nan.

"Ya gaya min," in ji Inna. "Na ji shi sarai."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ɗan juya zaren da ke hannunta. "Shekara nawa ina zaune a nan kamar turmi. Ku wuce ta gabana kuna motsa baki, in ce haka ne. Abin nan ya zo, kowa ya buɗe murya. Na ji muryar Auta, ashe ta yi kauri. Na ji taka." Ta ɗaga kafaɗa. "Na ce bari in ƙara kwana biyu. Man nawa ne?"

Yaya ya buɗe baki zai faɗi ko nawa ne, ya fasa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon gefen tabarmar, inda ta zaizaye saboda zama. Shi da yake taƙamar ba abin da ke lalacewa a gidansa bai nemo masa dabara ba. Ya cire hula zai share gumi, ya manta da abin da ke ƙarƙashinta. Ɗan kamfani ya juya baya da sauri yana tari. Inna ta kalli kan, ta ce gefen dama ya fi kyau.

Aka je aka jawo motar. Da yamma Yaya ya shiga gari ya zauna a kujerar mai aski, wanda ya rantse shi ya ɗauka Manaja ya sani, yana ci gaba ne don sha'awa. Malama ta kwashe alluranta, ta ce a kawo Inna a duba kunnen, akwai abin ƙara ji da ake maƙalawa. Inna ta gwada shi ta ce yana sa ta jin taunar kanta, ta ajiye shi a gwangwanin allura da zare. Sai mutanen gidan suka ci gaba da abin da suka riga suka koya. Auta ne ya fi shan wuya, amma malama tana sa shi maimaitawa har sai muryar ta fito.

Bayan 'yan makonni wani sabon mai kawo abincin kaji ya tsaya da kekensa a ƙofar gidan. Ya ji murya huɗu suna tashi lokaci guda, mace tana cewa ba za ta yarda ba, namiji yana cewa sai an yi, tsohuwa tana cewa duk ba su da hankali. Ya jingine keken, ya ruga ya kirawo mutum biyu daga gonar kusa, suka faɗo gidan a guje don rabo. Suka tarar da su zaune a baranda da kofunan shayi, ana shawarar launin fentin da za a yi wa ɗakin Auta.

Yaya ya miƙe ya tarbe su, ya sa aka ƙaro kofuna. Mai abincin kaji ya zauna a bakin tabarma, kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai ya gaida tsohuwa a hankali, cikin ladabi.

Inna ta dubi Yaya. "Wannan yaron ba shi da lafiya ne?" ta ce. "Ku ce masa ya buɗe baki."